Daga Gidan Gandu Zuwa Asibitin Soja: Nazarin Tsarin Ginin Wrest Park na Ƙasar Ingila, 1834–1916

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci tsarin ginin Wrest Park, wani gidan gandu na masu sarauta da ke ƙauyen Silsoe a gundumar Bedfordshire ta Ingila. An gina shi tsakanin 1834 da 1839, aka kuma mayar da shi asibitin soja daga Satumban 1914 zuwa Satumban 1916. Manufar nazarin ita ce tantance sassan ginin da suka karɓi aikin jinya da waɗanda suka yi masa cikas. An auna taswirar gidan da ma'aunan ginin asibiti da aka yarda da su a Birtaniya a wancan zamani, sannan aka kwatanta shi da wasu gidaje da suka yi irin wannan hidima. Sakamakon ya nuna cewa faɗin ɗakuna da sashen hidima ne suka ɗauki nauyin asibitin, yayin da matakala da tanadin ruwa da rufi suka zama rauninsa.

1.0 Gabatarwa

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, asibitocin taimako sama da 3,000 ne suka yi aiki a Birtaniya ƙarƙashin kulawar ƙungiyar agaji ta Red Cross da takwararta ta St John. Ƙalilan ne daga cikinsu aka gina domin jinya tun asali. Mafi yawansu makarantu ne, da ɗakunan taron gari, da gidajen attajirai da na masu sarauta waɗanda aka kwashe kayan alatunsu aka jera gadaje. A wannan maƙala, gidan gandu na nufin babban gidan da iyalin masu sarauta ke ginawa a tsakiyar ƙasarsu ta gado a karkara, lambuna da gonaki da gidajen barori na kewaye da shi.

An zaɓi Wrest Park saboda dalilai biyu. Na farko, mai gidan da kansa ne ya zana shi, aka kuma gina shi a karo ɗaya cikin shekara biyar, saboda haka manufar kowane ɗaki a bayyane take, ba kamar gidajen da aka yi ta ƙara musu sassa tsawon ƙarnoni ba. Na biyu, hidimarsa ta wuce ta gidan murmurewa inda sojan da ya ji sauƙi ke hutawa. Ya zama cikakken asibiti mai ɗakin tiyata, wanda ke karɓar raunanan da aka kwaso kai tsaye daga fagen fama. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: ta yaya ginin da aka zana domin nuna isa da karɓar manyan baƙi ya iya ɗaukar majinyata kimanin 1,600 cikin shekara biyu, kuma a ina ya gaza?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Masu nazarin salon gini ne suka fara magana a kan wannan gida. A jerin littattafan Nikolaus Pevsner kan gine-ginen Ingila, juzu'in da ya ƙunshi Bedfordshire ya fito a 1968, kuma kamar sauran juzu'an, abin da ya fi damunsa shi ne fuskar gini da asalin salonsa da matsayinsa a tarihin fasaha. A irin wannan kallo, Wrest Park yana da daraja ne domin ya ɗauko salon Faransa na ƙarni na 18 a lokacin da sauran masu sarautar Ingila suka karkata ga salon Girka ko na Gotik.

Rukuni na biyu ya mayar da hankali ga taswira a matsayin shaidar zamantakewa. Mark Girouard, a littafinsa The Victorian Country House (1971) da kuma Life in the English Country House (1978), ya nuna cewa jerin ɗakunan gidan gandu yana bayyana yadda iyali da baƙi da barori ke zaune da juna. Jill Franklin ta zurfafa wannan bincike a 1981 kan gidajen da aka gina daga 1835 zuwa 1914. Robin Evans kuma, a wata maƙala da ya wallafa a 1978, ya bambanta gidan da ake ratsa ɗaki a shiga ɗaki da gidan da korido ke raba ɗakunansa, ya kuma danganta yaɗuwar korido da buƙatar sirri da raba ajin mutane.

Rukuni na uku su ne masu tarihin ginin asibiti, irin su Jeremy Taylor (1991) da Harriet Richardson (1998), waɗanda aikinsu ya fi karkata ga gine-ginen da aka yi domin jinya. Akwai kuma masu ba da labarin gidajen gandu a zamanin yaƙi, kamar John Martin Robinson (2014). A wurin rukunin farko, shekarun asibiti ɗan tsokaci ne a ƙarshen tarihin gida. A wurin masu ba da labarin yaƙi kuwa, ginin yakan zama fage ne kawai da ake zuba labarin sadaukarwa a kansa. Wannan maƙala ta ɗauki dabarar Girouard da Evans ta karanta taswira, ta haɗa ta da ma'aunan rukuni na uku.

3.0 Dabarun Bincike

An dogara da taswirar gidan kamar yadda yake tsaye a yau, da bayanan da aka wallafa game da gininsa, da kuma abin da hukumar English Heritage ta fitar daga kundin tarihin da Nan Herbert, shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, ta bari. Ma'aunin da aka yi amfani da shi an samo shi ne daga tsarin asibiti mai rassa wanda Florence Nightingale ta yaɗa a littafinta Notes on Hospitals (1859), aka kuma aiwatar a asibitin soja na Herbert da ke Woolwich (1865) da asibitin St Thomas na Landan (1871). A wannan tsari, ɗakin majinyata dogon zaure ne mai gadaje wajen 30 a sahu biyu, tagogi na fuskantar juna a bango biyu domin iska ta ratsa, ɗakin babbar nas yana ƙarshe ɗaya inda take hango kowane gado, makewayi da wurin wanka suna ɗaya ƙarshen a keɓe. An ƙara wa wannan ma'auni abubuwan da likitanci ya samu bayan Nightingale: kashe ƙwayoyin cuta a tiyata, wanda Joseph Lister ya gabatar a 1867, da hoton ƙashi da ya biyo bayan binciken Röntgen na 1895.

4.0 Ginin Kamar Yadda Aka Zana Shi

4.1 Mai Gida Kuma Mai Zane

Thomas Philip, Earl de Grey na biyu (1781–1859), ya gaji Wrest a 1833 daga yayar mahaifiyarsa, Amabel. Ɗan siyasa ne da ya riƙe shugabancin ma'aikatar sojan ruwa daga 1834 zuwa 1835, ya kuma wakilci sarauta a Ireland daga 1841 zuwa 1844. Bai yi karatun zanen gini a hannun wani ubangida ba, amma ya ƙware har aka naɗa shi shugaban farko na Cibiyar Masu Zanen Gine-gine ta Birtaniya, ya riƙe muƙamin har rasuwarsa. Ya tarar da tsohon gidan iyalin, wanda aka yi ta yi wa ƙari tun zamanin da, ya tsufa. Maimakon gyara, sai ya zana sabo a arewa da shi, ya sa James Clephan ya kula da aikin a wurin, aka rushe tsohon bayan an kammala.

Wurin da ya dasa sabon gidan ba da ka aka zaɓe shi ba. Lambun Wrest ya riga gidan da fiye da shekara ɗari, kuma ƙashin bayansa shi ne wani dogon tafki da aka haƙa a miƙe, wanda ke ƙarewa a gaban wata ƙubba da Thomas Archer ya gina tsakanin 1709 da 1711. De Grey ya daidaita tsakiyar gidansa da wannan layi, ta yadda mai tsayuwa a ɗakin karatu zai miƙa idonsa kudu har zuwa ƙubbar. Wannan shawara ta ado ita ce ta sa dukkan manyan ɗakuna suka fuskanci kudu, kuma kamar yadda za a gani a gaba, ita ce babbar gudummawar mai zanen ga asibitin da bai taɓa tunaninsa ba.

4.2 Fuska da Rufi

De Grey ya ziyarci Faris, ya kuma yi aiki da littattafan zanen gini na Faransa, musamman na Jacques-François Blondel da ya fara fitowa a 1752. Gidan hawa biyu ne, da ƙarin ɗakuna a cikin rufi. Rufin irin na mansad ne, wato mai gangara biyu, ta ƙasa a tsaye sosai domin a samu sararin ɗakuna a ciki, ta sama kuma a kwance. An fito da tsakiyar fuskar da kusurwoyinta gaba kaɗan, aka ɗora wa kowanne nasa rufin, kamar yadda ake yi a manyan gidajen Faris na zamanin Sarki Louis na 15. Sai bayan shekara arba'in ne wannan sha'awa ta salon Faransa ta bayyana da ƙarfi a Waddesdon, gidan da Ferdinand de Rothschild ya fara ginawa a 1874.

4.3 Taswirar Ciki

Ana shiga gidan ta arewa. Daga ƙaramin zauren shiga sai babban zauren matakala, wanda tsayinsa ya kai rufi, haske na saukowa daga sama, matakalar kuma ta rabu biyu da dogaran ƙarfe masu ado. Bayan wannan zaure ne manyan ɗakunan kudu suke jere: ɗakin karatu a tsakiya, falon baƙi da sauran ɗakunan zama a gefensa, ƙofofinsu duka a kan layi ɗaya, ta yadda idan aka buɗe su mutum zai hango daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Za a kira wannan tsari jerin-ƙofa a sauran maƙalar. A ƙarshen yamma akwai ɗakin zaman uwargidan de Grey, Henrietta, wanda ke buɗewa cikin ɗakin gilashi na shuke-shuke. A gabas kuma aka miƙa sashen hidima, inda madafa da ɗakunan ajiya da na barori suke. Ɗakunan kwana suna bene, kuma a ɗaya daga cikinsu aka manna takardar bango ta Sin mai zanen hannu.

Jerin-ƙofa hanya ce ta auna matsayin baƙo. Mai karatu zai gane shi idan ya tuna gidan sarki ko na babban attajiri a ƙasar Hausa, inda ake wucewa daga zaure zuwa shigifa, kuma iyakar inda baƙo ya tsaya ita ce ke nuna darajarsa a wurin mai gida. A bayan wannan jeri na gani da ido kuwa, akwai wata hanya ta biyu: koridoji da ƙananan matakalai da barori ke bi da gawayi da ruwan zafi da abinci ba tare da sun yi kiciɓis da baƙi ba. Gida ɗaya ne mai hanyoyi biyu da ba sa haɗuwa sai inda aka so.

5.0 Ginin a Matsayin Asibiti

5.1 Yadda Aka Mayar da Shi

Gidan ya bi ta hannun 'yar de Grey zuwa jikansa, Earl Cowper na bakwai, wanda ya rasu a 1905 ba ɗa. Daga nan ya faɗa hannun ɗan 'yar'uwarsa, Auberon Herbert, mai sarautar Lord Lucas. Lucas bai zauna a ciki ba, ya ba da shi haya ga jakadan Amurka Whitelaw Reid, wanda ya rasu a 1912. Ke nan da yaƙi ya ɓarke a Agustan 1914, gidan ba shi da iyalin da za a tayar. Lucas, wanda shi kansa ya rasa ƙafa ɗaya sakamakon raunin da ya samu a Yaƙin Boer, ya miƙa shi domin jinya. Marubuci J. M. Barrie, abokin iyalin, ya ba da gudummawar kuɗi, likita Sidney Beauchamp ya jagoranci ɓangaren magani. A ranar 7 ga Satumba 1914 aka karɓi masu murmurewa 66 na farko. A watan Nuwamba, lokacin da raunanan gumurzun Ypres na farko suka cika asibitocin ƙasar, aka ɗaga shi zuwa cikakken asibiti. Nan Herbert, 'yar'uwar Lucas, ta zama shugabar ma'aikatan jinya a 1915. Majinyatan ƙananan sojoji ne, ana sauke su daga jirgin ƙasa a tashar Ampthill a ƙaraso da su.

An raba gidan sashe uku. Sashen A, na masu munanan raunuka, ya mamaye manyan ɗakunan ƙasa. Sashen B yana ɗakunan kwana na bene, sashen C kuma a ɓangaren da a da ake saukar da baƙi maza marasa aure. Abin lura a nan shi ne yadda sabon matsayi ya hau kan tsohon: ɗakin da a da sai babban baƙo ke kaiwa gare shi, yanzu sai mai babban rauni.

5.2 Iska da Haske

A wannan ma'auni gidan ya ci rabi. Ɗakunan kudu suna da tsayin rufi da dogayen tagogi, saboda haka sararin iskar da kowane gado ke samu yana da yawa, rana kuma na shiga mafi yawan yini, abin da ke da tsada a hunturun Ingila. Dandamalin da ke gabansu da lambun da ke biye da shi sun ba masu iya tafiya wurin shan iska ba tare da hawa ko sauka mai yawa ba. Inda ya faɗi shi ne ratsawar iska. Gidan mai sahu biyu ne, ɗakunan kudu sun jingina da zauren matakala da koridoji, don haka mafi yawansu tagoginsu a bango ɗaya suke. Sharaɗin farko na Nightingale, wato taga ta fuskanci taga, ba ya samuwa sai dai a buɗe ƙofofin jeri, kuma yin hakan yana kai iskar wannan ɗaki ne cikin wancan, abin da tsarin asibiti mai rassa aka ƙirƙiro domin hanawa.

Yana da kyau a ambata cewa samfurin biyu daga Faris suka fito. De Grey ya kwaikwayi gidajen manyanta na ƙarni na 18, Nightingale kuma ta yaba da tsarin asibitin Lariboisière da aka buɗe a birnin a 1854. Na farko ya tara ɗakuna wuri ɗaya domin su ƙara wa juna kwarjini, na biyu ya warwatsa su domin kada su gurɓata juna.

5.3 Sa Ido da Zirga-zirga

A nan ne taswirar ta fi ba da mamaki, kuma a nan ya kamata a daɗe. Jerin-ƙofa, wanda ya zama aibi ta fuskar iska, ya zama alheri ta fuskar sa ido. Nas ɗaya da ke tsaye a kan layin ƙofofin tana iya hango ɗakuna da yawa, ta kuma ratsa su ba tare da fita korido ba. Idan aka haɗa ɗakunan a lissafi, sun yi kusa da dogon zauren Nightingale wanda aka yanka gida-gida. Da dare, lokacin da ma'aikata ke raguwa, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. A bene kuwa lamarin ya juye. Ɗakunan kwana an yi su ne domin sirri, kowanne da ƙofarsa a kan korido, shi ya sa majinyaci da ke ciki ba ya cikin idon kowa sai an buɗe an leƙa. Bambancin da Evans ya yi tsakanin gidan ratsawa da gidan korido ya bayyana ke nan a cikin gini ɗaya, hawa ɗaya a kan ɗaya, kuma rabon majinyata ya bi shi: masu buƙatar ido a ƙasa, masu sauƙi a sama. Nauyin ɗaukar mai rauni a kan matakala ya isa dalilin wannan rabo, amma sa ido ma yana cikinsa.

Hanya ta biyu, ta barori, ita ce maƙalar ke ganin ba a ba ta haƙƙinta ba a rubuce-rubucen da suka gabata. Asibiti yana rayuwa ne a kan abin da ke shiga da abin da ke fita: abinci sau uku ko fiye a rana, ruwan zafi, zannuwan gado masu tsabta, sannan bandeji mai jini da tasoshin bayan gida da tokar murhu. Ƙa'ida ita ce kada mai tsabta ya gamu da mai datti. Gidan gandu na ƙarni na 19 ya riga ya warware irin wannan matsala saboda wani dalili dabam, wato kada baƙo ya ga baranya ɗauke da bokiti. Madafar da aka gina domin liyafar manyan baƙi, da wurin wanki, da ɗakunan ajiya, da ɗakunan kwanan ma'aikata masu yawa, duk suna nan a shirye. Robert Kerr, a littafinsa The Gentleman's House (1864), ya mayar da raba hanyar iyali da ta barori ƙa'idar zane. Abin da aka yi domin kare martabar aji shi ne ya fi kusa da buƙatar asibiti a duk ginin.

Babbar matakalar kuwa, wadda ita ce abin alfaharin gidan, ba ta da wani amfani na musamman ga jinya. An yi ta ne domin a ga mai saukowa. Matakalan barori kuma ƙanana ne masu lanƙwasa, irin waɗanda ba a juya gadon ɗaukar majinyaci a kansu cikin sauƙi. Duk wanda za a kai daga wannan hawa zuwa wancan sai an ɗauke shi da ƙarfin hannu.

5.4 Ruwa, Tsabta da Lantarki

Raunukan Flanders da arewacin Faransa suna zuwa ne da ƙasar gona mai taki a cikinsu, shi ya sa sandarewar jijiya da ruɓewar nama suka addabi likitocin 1914. Maganin yana buƙatar tafasasshen ruwa mai yawa da bango da daɓe masu wankuwa. Ɗakin da aka ƙawata da filasta mai sassaƙa da ruwan zinare da zanen silin kishiyar wannan ne: kowane lanƙwasa na adon maɓoyar ƙura ce, kuma ba a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an lalata shi ba. Gidajen shekarun 1830 an tsara su ne a kan baro ya kai ruwa ɗaki, don haka bututu da makewayi ba su kai adadin da majinyata fiye da ɗari ke buƙata ba. Ɗakin hoton ƙashi kuma yana son lantarki, abin da babu shi a lissafin kowane mai zane a 1834. Duk waɗannan dasa su aka yi a jikin ginin daga baya.

5.5 Gobarar 1916

A ranar 14 ga Satumba 1916, ana tsakiyar gumurzun Somme wanda a ranarsa ta farko kaɗai sojojin Birtaniya 57,470 suka mutu ko suka jikkata ko suka ɓace, gobara ta tashi a gidan ta yi ɓarna a rufi da saman ginin. An fitar da majinyata duka ba a rasa rai ba, amma asibitin bai sake buɗewa ba. Ta fuskar tsari, rufin mansad wuri ne da katako ya yi yawa, bututun hayaƙi na murhu masu yawa suna ratsa shi, sararinsa kuma a haɗe yake daga wannan kusurwa zuwa waccan. Gidan da aka saba kunna wa murhu a lokutan da iyali ke nan, ya shekara biyu ana ɗumama kowane ɗakinsa. A asibiti mai rassa, wuta a reshe ɗaya takan bar sauran suna aiki. A gini dunƙulalle, ɓarna a sama ta isa ta rufe ƙasa.

Lord Lucas, wanda ya bar kujerar minista ya shiga rundunar jiragen sama, an kashe shi a sararin Faransa ranar 3 ga Nuwamba 1916. Nan Herbert ta gaje shi, aka sayar da gidan a 1917 ga ɗan kasuwa John George Murray.

6.0 Kwatanci da Wasu Gidaje

A Dunham Massey, wanda a lokacin yake cikin Cheshire, asibitin soja na Stamford ya yi aiki daga 1917 zuwa 1919, ya kula da sojoji 282. Babban falo ne ya zama ɗakin majinyata, tiyata kuma a ƙasan babbar matakala aka yi ta, kusa da inda ake samun ruwa. Wannan ya tabbatar da abin da aka gani a 5.4: bututun ruwa ne ke zaɓar wurin tiyata, girman ɗaki ba ya zaɓa.

Gidajen da suka daɗe a matsayin asibiti sun bi wata hanya dabam. A Cliveden, iyalin Astor sun ba da fili ne, asibitin Red Cross na Kanada ya fara a rufaffen filin wasan tanis ya kuma bazu a harabar, bai shiga babban gidan ba. A Frognal da ke Sidcup, inda Harold Gillies ya yi aikin gyaran fuska daga 1917, an kafa ɗakunan majinyata ne a sababbin rumfuna a cikin filin gidan. Roehampton House, wanda Thomas Archer ɗin nan na ƙubbar Wrest ya zana a farkon ƙarni na 18, aka kuma faɗaɗa da zanen Edwin Lutyens gab da yaƙin, ya zama asibitin Queen Mary na masu yankakkun gaɓoɓi a 1915. Shi ma rumfuna da sababbin gine-gine ne suka cika harabarsa, kuma da aka buɗe sabon asibiti a 2006, tsohon gidan ya koma gidajen zama. A duk waɗannan wurare, abin da likitanci ya riƙe na dogon lokaci shi ne filin gandun, domin a nan ne ake iya shimfiɗa rassa yadda Nightingale ta tsara.

7.0 Matsayar Maƙala da Halin Ginin a Yau

Ra'ayin da ke cewa gidajen gandu sun dace da jinya saboda girmansu da kyawun iskar karkara yana da gaskiya a kan masu murmurewa, amma bai isa ya bayyana cikakken asibiti irin na Wrest ba. Abin da ya riƙe wannan asibiti shekara biyu shi ne jerin ɗakunan kudu da sashen hidima, tare da ƙwazon ma'aikatan da suka cike giɓin ginin da ƙafafunsu da hannuwansu. Haka kuma ra'ayin da ke ɗaukar shekarun 1914 zuwa 1916 a matsayin tsokaci a tarihin ginin bai yi adalci ba, domin su ne suka gwada taswirar de Grey gwajin da babu wata liyafa da ta taɓa yi mata.

Bayan Murray, kamfanin inshora na Sun ya sayi gidan a 1939 ya mayar da shi ofis a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin ya koma hannun gwamnati, cibiyar binciken injiniyancin noma ta zauna a ciki har 2006, lokacin da English Heritage ta karɓi ragamarsa. Yana cikin rukunin farko na gine-ginen da dokar Ingila ta kare. Manyan ɗakunan kudu da zauren matakala su ne suka fi samun kulawar masu nazari da masu ziyara. Ana kira ga masu binciken da za su biyo baya da su auna sashen hidima na gabas da matakalan barori da hanyoyin bututun ruwa na gidan, su zana su dalla-dalla, su kuma gwada su da bayanan da Nan Herbert ta bari game da aikin yau da kullum na asibitin.